Kama Da Wane Ba Ta Wane: Haruffa Huɗu Masu Rikita Ɗaliban Ingilishi

Akwai wasu haruffa huɗu a harshen Ingilishi waɗanda idan suka jeru wuri guda sai ka ga ɗalibi ya tsaya cak yana kallon allo, ko da kuwa shi ne zakaran aji. Haruffan su ne o, u, g da h, wato "ough". Malaman Ingilishi a kwalejojin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun san su sarai, haka ma takwarorinsu na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, domin babu shekarar da waɗannan haruffa ba sa cinye wa yara maki a jarrabawa. Kalmomin da ke ɗauke da su ba su da wani yawa, amma galibinsu na yau da kullum ne, ba a iya kauce masu. Abin da ya sa suka zama ƙarfen ƙafa shi ne, a rubuce kamanninsu ɗaya, a baki kuwa kowace ta kama gabanta.

Mun ga ya dace mu tsaya a kan wannan batu saboda Ingilishi sai ƙara matsowa yake yi kusa da mu. A Gana da Nijeriya shi ne harshen mulki, a Kamaru kuma tare yake tafiya da Faransanci tun haɗewar ƙasar a 1961. A Nijar ma, inda yaro kan fara karo da shi a ajin farko na kwaleji bayan ya gama firamare da Faransanci, dokar sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga kuma ɗalibanmu da ke tsallakawa Sakkwato, Zariya ko Akara neman digiri, da ƴan kasuwa masu saro kaya a Dubai da Caina, inda da Ingilishi ake ciniki. Duk wanda ya rubuta "tough" a inda ake bukatar "though", a takardar neman aiki ko a jarrabawar BAC, ya yi asarar da ba ta zama dole ba.

Wahalar ta fi tsanani ga wanda ya fara da Faransanci, domin an koya masa tun yana ƙarami cewa o da u in sun haɗu ana karanta su "u", kamar a cikin "tout" ko "vous". Sai ya ɗauko wannan doka ya shigo da ita Ingilishi, alhali kuwa ba ta aiki sai a gida ɗaya tak cikin gidajen da za mu lissafa. A nan ƙasa mun kasa kalmomin gida-gida bisa yadda ake furta su, muka rubuta lafazin da haruffan Hausa gwargwadon yadda zai yiwu, bisa furucin mutanen kudancin Ingila.

Gida Na Farko: Masu Ƙarewa Da "af"

Kalmar "tough" ana furta ta "taf", ma'anarta tauri ko wuya. Nama mai tauri, jarrabawa mai wuya, da mutum mai juriya wanda ba ya saurin karaya, duk da ita ake kwatanta su. "Rough" kuwa "raf" ake cewa, wato mai kaushi, kamar tafin hannun manomi ko hanyar da ba a zuba mata kwalta ba. Ana kuma amfani da ita ga lissafin da aka yi bisa ƙiyasi, da kuma wasan da aka sa ƙarfi da mugunta a ciki, irin wanda alkalin wasan ƙwallo kan ɗaga wa kati. Ta uku ita ce "enough", ana cewa "inaf", ma'ana ya isa ko isasshe. Idan mai gida ya gaji da surutun yara, ita kaɗai zai faɗa su yi tsit. Akwai kuma "slough", wato "slaf", wadda ke nufin saɓar da maciji kan yi ya bar tsohuwar fatarsa a bakin rami.

Gida Na Biyu: Masu Ƙarewa Da "of"

Wannan gida mutum biyu ne a cikinsa, amma ɗayansu kowa na bukatarsa a asibiti. "Cough" ana furta ta "kof", ma'anarta tari, kuma ita ce ke rubuce a jikin kwalaben maganin tari da ake shigo da su daga Nijeriya, Gana ko Indiya. Ta biyun ita ce "trough", ana cewa "trof", wato komi, irin wanda makiyaya kan zuba wa dabbobi ruwa ko dusa a ciki a bakin rijiya.

Gida Na Uku: Masu Ƙarewa Da "o"

A nan g da h sun yi shiru gaba ɗaya. "Though" da babbar yayarta "although" duk ma'anarsu ɗaya, wato ko da yake. Sautin farko na "though" irin na harafin zal ne na Larabci, wanda ake sa bakin harshe tsakanin haƙora, sai a biyo shi da "o". "Dough" kuma "do" ake cewa, ita ce kwaɓaɓɓiyar fulawa kafin a gasa ta ta zama burodi, kuma daga gare ta aka samu "doughnut", wani abin marmari mai kama da fanke da rami a tsakiya, wanda Amurkawa kan taƙaita rubutunsa zuwa "donut". A bakin ƴan zamani na Amurka "dough" tana nufin kuɗi.

Wani abin sha'awa game da wannan kalma shi ne danginta. Kalmar "lady", wadda yau ake kiran mace mai daraja da ita, asalinta a tsohon Ingilishi tana nufin mai kwaɓa burodi, kuma rabinta na biyu tushensa ɗaya da "dough". Mijinta "lord" kuwa asalin sunansa mai gadin burodi ne. Ashe dai a can ma girman uwargida daga madafa ya samo tushe.

A cikin wannan gida akwai baƙuwa, wato "furlough", wadda ake furtawa kusa da "falo". An aro ta ne daga harshen mutanen Holan, ma'anarta hutun da ake ba soja ko ma'aikaci na wani lokaci. Ta yi tashe a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnatin Ingila ta riƙa biyan wani kaso na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida.

Gida Na Huɗu: Masu Ƙarewa Da "u"

Nan ne kaɗai dokar Faransanci ta yi aiki. "Through" ana furta ta "thru", da sautin farko irin na harafin Larabci mai ɗigo uku da ke farkon kalmar "thumma". Ma'anarta ta ciki, ko ratsawa, kamar yadda motar Damagaram kan ratsa ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni idan ta taso daga Yamai. Daga gare ta aka gina "throughout", wato ko'ina a ciki ko tun daga farko har ƙarshe, da kuma "breakthrough", wato gagarumar nasara bayan an daɗe ana fama, kamar gano maganin wata cuta.

Gida Na Biyar: Masu Sautin "au"

Wannan gidan manoma ne. "Plough" ana cewa "plau", ita ce garmar shanu ko ta tarakta, kuma da ita ake faɗin aikin huɗa. "Bough" kuma "bau" ake cewa, wato babban reshen itace, kuma a da can ma'anarta kafaɗa ce ko damtse, kafin a mayar da ita kan itatuwa. Ta ukun, "drought", kalma ce da mutanen Sahel suka fi kowa sanin abin da take nufi: fari. Ana furta ta "draut", tushenta ɗaya da "dry", wato busasshe. Da ita jaridun Ingilishi suka riƙa ba da labarin farin da ya hallaka dabbobinmu a 1973 da 1974, da kuma na 1984. Sai kuma wata "slough" ta biyu, wadda rubutunta ɗaya da ta gidan farko amma ana furta ta "slau", ma'anarta wuri mai taɓo, kuma haka ake kiran garin Slough da ke yamma da Landan.

Gida Na Shida: Masu Ƙarewa Da "ot"

Wannan shi ne gida mafi yawan jama'a, kuma shi ne mai doka ƙwaƙƙwara: idan harafin t ya biyo bayan "ough", to ana furta su da "o" mai tsawo, ban da "drought" da muka ambata, da wata tsohuwar kalma "doughty" mai nufin jarumi. Yawancin ƴan gidan aikatau ne na abin da ya wuce. "Bought" ya saya, daga "buy". "Brought" ya kawo, daga "bring". "Thought" ya yi tunani, daga "think", kuma ita ce sunan tunanin kansa. "Fought" ya yi faɗa, daga "fight". "Sought" ya nema, daga "seek". A lura da "bought" da "brought", harafin r ne kawai ya raba su, amma ɗan kasuwar da ya rikita saye da kawowa a cikin wasiƙa zai iya jawo wa kansa rigimar kuɗi.

Sauran ƴan gidan su ne "nought", wato sifiri, da "wrought", tsohuwar siffar "work" wadda ta rage a sunan ƙarfen da maƙeri ya sarrafa da guduma, sai kuma "ought", ma'ana ya kamata. Ita wannan ta ƙarshe asalinta daga "owe" ne, wato bashin da ke kan mutum. Ke nan a wurin mutanen da, abin da ya kamace ka ka yi, bashi ne a wuyanka. Maƙwabtan wannan gida su ne "taught", ya koyar, da "caught", ya kama, waɗanda lafazinsu ɗaya da na gidan amma da a ake rubuta su a maimakon o.

Gida Na Bakwai Da Ƴan Rakiya

"Thorough" ana furta ta kusa da "thara", ma'anarta aikin da aka bi diddiginsa ba a bar komai ba, kamar binciken likita na tsanaki. Ita da "through" asalinsu kalma ɗaya ce, daga baya suka raba gari: abin da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, shi ne cikakke. "Borough" kuma "bara" ake cewa, wato gunduma ko yankin birni mai majalisarsa. Landan na da irinsu 32, birnin Niyok kuma yana da 5. Asalin kalmar "burh" ne, gari mai ganuwa, daidai da abin da muke kira birni. Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya gina irin waɗannan birane da yawa don kare ƙasarsa daga maharan da ke zuwa ta teku daga arewa. Kalmar tana nan a ƙarshen sunan Hambug na Jamus da Sitarasbug na Faransa, kuma masu Faransanci sun san ta a cikin "bourg" da "bourgeois".

Ƴan rakiyar su biyu ne. "Hiccough" tana nufin shaƙuwa, ana furta ta "hikap". Asalin rubutunta "hiccup" ne, amma wasu suka zaci tana da dangantaka da tari, sai suka liƙa mata wutsiyar "cough". Ta biyun, "lough", sunan tafki ne a ƙasar Ailan, kuma a nan ana furta g da h daga maƙogwaro. Wannan kalma ce za ta buɗe mana asirin sauran duka. Kafin nan, ga gwaji ga mai karatu: akwai wani gari mai jami'a a tsakiyar Ingila da ake rubuta sunansa Loughborough, haruffan nan sun fito sau biyu a ciki, kowane da nasa lafazi. Mutanen garin "Lafbara" suke cewa.

Ina Aka Samo Wannan Rikici?

Amsar ita ce, g da h kabarin wani sauti ne da ya mutu. Shekaru dubu da suka wuce, mutanen Ingila suna da wani sauti na maƙogwaro daidai da harafin Larabci da ke farkon sunan Khalid ko Khadija. Duk wanda ya yi makarantar allo ya iya furta shi, alhali Baturen Landan na yau sai ya yi da gaske. A lokacin da h kaɗai ake rubuta shi a ƙarshen kalma: "tough" ana rubuta ta "toh", "rough" kuma "ruh", kowace da nata wasali daban, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa.

A 1066 Normawa suka tsallako daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnuka. Marubutan da suka taso da al'adar rubutun Faransanci suka shigo da "ou" don rubuta sautin "u", sannu a hankali kuma "gh" ta maye gurbin tsoffin haruffan da ake rubuta sautin maƙogwaron da su. Har zuwa wannan lokaci ana furta sautin.

Daga wajen 1400 zuwa 1700 abubuwa biyu suka faru a bakin mutane. Na farko, sautin maƙogwaron ya ɓace a kudancin Ingila. A wasu kalmomi ya faɗi gaba ɗaya, kamar a "though" da "night", a wasu kuma ya rikiɗe ya koma f, kamar a "cough" da "laugh". Babu wata hukuma da ta yi rabon, karin harshen yankuna ne ya yi ta gogayya har kowace kalma ta tsaya inda ta tsaya. Shi ya sa "laughter", dariya, take da f, amma "daughter", ɗiya, ba ta da shi, ko da yake an taɓa samun yankunan da ke cewa "dafter". Na biyu kuma, dogayen wasulan Ingilishi duka suka gusa daga inda suke, abin da masanin harshe ɗan ƙasar Danmak, Otto Jespersen, ya raɗa wa suna babban ƙaurar wasula. Ta haka "u" mai tsawo ta koma "au", "plough" da "drought" suka sami lafazinsu na yau.

Ana tsakiyar wannan sauyi ne William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a unguwar Westminster, a 1476. Shi da kansa ya koka da bambancin karin harshe. A gabatarwar wani littafi da ya buga a 1490 ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da ya nemi ƙwai a wurin wata mata a kudancin ƙasar, ya yi amfani da kalmar mutanen arewa, matar ta ce masa ita ba ta jin Faransanci. Masu buga littattafai suka ga dole su tsayar da rubutu iri ɗaya, suka tsayar da shi bisa yadda suka tarar a hannun magatakardan Landan. Rubutu ya daskare, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. Da Samuel Johnson ya fitar da shahararren ƙamusunsa a 1755, mai kalmomi sama da 42,000, sai ya ƙara danne tsohon rubutun.

Shaidar wannan tana nan a Jamusanci, ɗan'uwan Ingilishi, wanda bai yar da sautin ba. Inda Bature ke rubuta "night", "daughter", "brought" da "through" yana haɗiye g da h, Bajamushe na cewa "Nacht", "Tochter", "brachte" da "durch", kuma yana furta "ch" ɗin a fili. Mutanen Sikotlan ma sun riƙe shi a kalmar "loch", sunan tafkunansu.

Mu kanmu Hausawa mun yi wa wannan sauti irin abin da Turawa suka yi masa. Da muka aro kalmomin Larabci masu ɗauke da shi, sai muka sassauta shi ya koma h a Alhamis, alheri, Halidu da Hadiza, a "labari" da "laima" kuwa muka yar da shi gaba ɗaya. Bambancin kawai shi ne, rubutunmu na boko ya zo bayan an gama sauyin, don haka abin da baki ke faɗa shi muka rubuta.

Waɗanda Suka Yi Ƙoƙarin Gyara

Ba mu kaɗai ne abin ya dama ba, masu harshen ma sun sha yunƙurin gyara. A Amurka, Noah Webster ya fitar da ƙamusunsa a 1828, kuma tasirinsa ne ya tabbatar da rubutu irin su "color" da "center" a can. Amurkawa "plow" suke rubutawa a maimakon "plough", da "draft" a maimakon "draught". Wannan gyara ya zauna, amma a kan kalmomi ƙalilan.

A 1906 attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya zuba kuɗi aka kafa wani kwamitin sauƙaƙa rubutu, wanda ya fitar da jerin kalmomi 300, cikinsu har da "tho", "altho", "thru" da "thoro". A watan Agusta na shekarar shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi aiki da jerin. Jaridu suka yi masa ca da ba'a, majalisar wakilai ta ƙi amincewa a watan Disamba, shugaban ya janye umarninsa. Jaridar Chicago Tribune ta ɗauki nata salon sauƙaƙa rubutu daga 1934, amma ta haƙura a 1975. A Ingila kuma marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, ya bar wasiyyar a kashe dukiyarsa wajen ƙirƙiro sabbin haruffa. An ƙirƙiro su, an buga littafi ɗaya nasa da su a 1962, daga nan maganar ta kwanta. Abin da ya rage daga duk wannan fafutuka shi ne "thru" a allunan hanya da wuraren sayar da abinci na Amurka, da "tho" a saƙonnin waya na matasa.

Dalilan da suka sa gyaran ya ci tura a fili suke. Ingilishi ba shi da wata hukuma mai faɗa a ji irin majalisar harshen Faransanci da aka kafa a 1635. Sannan ana magana da shi a ƙasashe da yawa, kowace da nata lafazi, to na wa za a rubuta? Bugu da ƙari, tsohon rubutun yana raba kalmomin da kunne ba ya rabawa: "through" da "threw", ya jefa, lafazinsu ɗaya, haka "dough" da "doe", macen barewa, haka kuma "bough" da "bow", rusunawa.

Shawara Ga Ɗalibai Da Malamai

Kafin mu yi wa Ingilishi dariya, ya kamata mu tuna kowane rubutu da abin da yake ɓoyewa. Faransanci na rubuta sauti guda ta hanyoyi da yawa, kamar "eau", "au" da "haut". Rubutun Hausa na boko, wanda aka ƙara masa haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, aka kuma yi tarukan daidaita shi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Baƙon da ya ga "gari" ba zai san na zama ba ne ko na tuwo, haka "kuka" na ido ko na miya, haka "fari" na launi ko na rashin ruwa. Mu ba ma rikicewa, saboda mun san kalmomin a baki tun kafin mu gan su a takarda, kuma jimlar da suke ciki tana nuna mana hanya. Haka yaron Ingila yake da "tough" da "though". Darasin da ke nan shi ne, a fara sa kalmar a kunne da baki, sa'annan a kai ta allo.

Saboda haka muna ba malamai shawara kada su jera waɗannan kalmomi duka a rana ɗaya, domin yin haka shi ke haifar da ruɗu. A koyar da su gida-gida, kowane gida a haɗa shi da wata kalma mai sauƙin rubutu da yaro ya riga ya sani: "tough" da "stuff", "cough" da "off", "though" da "go", "through" da "blue", "plough" da "now". A kuma sa kowace a cikin gajeriyar jimla ta rayuwar yaron, kamar ta gona, ta kasuwa ko ta asibiti. Idan malami ya ɗauki minti biyar ya gaya wa aji cewa g da h tsohon sautin maƙogwaro ne irin wanda suke furtawa a makarantar allo, yara za su daina ganin abin kamar mugunta ce aka shirya masu.

Ga ɗalibai kuma, akwai kalmomi shida da ya kamata a rubuta a bangon littafi a riƙa dubawa, domin su ne suka fi kayar da mutane a rubutu: "tough" tauri, "though" ko da yake, "thought" tunani, "taught" ya koyar, "through" ta ciki, da "thorough" cikakke. A lura da inda h ta farko take, da inda r take, da kuma ko akwai t a ƙarshe, waɗannan uku su ne ke raba su. Wanda ke da waya mai intanet zai iya sauraron lafazin kowace a ƙamusun Oxford ko na Cambridge kyauta, wanda ba shi da ita kuma rediyo na nan, a riƙa sauraron labarai da Ingilishi ko da na minti goma ne a rana. Tushen kalmomin duka da muka lissafa bai kai 30 ba, kuma wanda ya haddace gida ɗaya a kowane mako zai gama da su kafin wata biyu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.